Fil, haƙorin fulawil ko igiya: da me za ka riƙe karanshaf in za ka taɓa taimin?

Akwai motar da ke shigowa gareji da ƙafarta, lafiyarta lau, canjin bel ɗin taimin (bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin) kawai aka kawo ta, amma sai ta kwana uku a wurin ana yawon neman bawul a Ƙofar Ruwa. In ka bi diddigi, da wuya ka samu laifin sabon bel ne. Karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, shi ne ya gusa a lokacin da hankalin kowa ke kan notin fuli, faifan da ke gaban injin, ko kuma abin da aka riƙe shi da shi ne ya ci amana.

Kalmar "riƙewa" ce ke ruɗa mu. Aiki biyu ne daban muke kira da suna ɗaya. Na farko shi ne tsayar da karanshaf a daidai wurin da masu ƙera injin suka ce ya tsaya, ba gaba ba baya, har a gama ɗora bel ko sarƙa. Na biyu shi ne danne shi da ƙarfi don a kwance ko a ɗaure babban notin da ke tsakiyar fuli. Na farko aikin awo ne, na biyu aikin ƙwanji. Kayan da ya iya ɗaya, yawanci bai iya ɗayan ba, kuma mafi yawan ɓarnar da nake gani daga ɗora wa ɗan siririn fil aikin ƙato take fitowa.

Don a ga girman abin: karanshaf yana zagaye biyu kafin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ya yi ɗaya. In giyar karanshaf haƙora 20 gare ta, tsallake haƙori ɗaya kuskuren digiri 18 ne. A wani injin, wannan rashin ƙarfi ne da shan mai kawai. A injin da fistin da bawul ke amfani da wuri ɗaya a lokuta daban, wanda shi ne yawancin injinan yau da kusan duk na dizal, haƙori biyu ko uku sun isa su haɗa su karo. A ɓangaren ƙarfi kuwa, notin fulin Honda Accord mai injin F23, wadda ake ce wa Baby Boy, ana ɗaure shi a kan 245 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri). Kamar ka rataya rabin buhun siminti ne a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya. Wannan ɗauri ne. Kwancewa bayan shekara goma ta zafi da tsatsa ta fi haka nesa.

Kafin ka zaɓi kowace hanya, tambaya ɗaya ce ke raba gardama: giyar karanshaf ɗin nan tana da ki ko ba ta da shi? Ki shi ne ɗan guntun ƙarfen nan mai kamar rabin wata da ke zaune a tsagar karanshaf, ya hana giya juyawa ita kaɗai. In yana nan, ko ka cire noti ka jefar, giya da karanshaf suna tare. In babu shi, matsin notin ne kaɗai ya haɗa su, kuma da zarar noti ya saki, taimin ya tafi, ko da alamominka na fenti suna nan suna kallonka.

Mu fara da alama, tunda da ita duk muka koyi aiki. A Golf 3 mai bawul 8, ka buɗe ramin da ke saman giyabos ka ga alamar fulawil, babban faifan nan mai haƙora da ke bayan injin, ka dubi ta kamshaf, shi ke nan. A Camry mai injin 5S-FE ma haka, har da rangwamen cewa fistin ɗinsa ba ya cim ma bawul ko da bel ya tsinke. Corolla mai 1ZZ-FE sarƙa ce da ita, ki ɗin karanshaf ya kalli sama, 'ya'yan sarƙa masu launi su hau kan alamomin giya. Waɗannan injina ba su nemi fil a wurinka ba, kuma wanda ya ce sai ka sayi akwatin kaya kafin ka taɓa su, ciniki yake nema. Abin lura a sarƙa shi ne, masu launin nan ranar ɗorawa kaɗai suke amfani. Kana juya injin zagaye biyu ba za su dawo kan alama ba, kuma wannan ba kuskure ba ne. Na sha ganin yaro ya kwance aikin da ya yi daidai saboda wannan.

Raunin alama shi ne ba ta riƙe komai, nuni kawai take yi. Kuma tana iya yin ƙarya. Fulin karanshaf na yawancin motoci ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. In robar ta tsufa, zoben waje yana zamewa, ya tafi da alamar da ke jikinsa. Shi ya sa alamar da ke kan giyar ciki ko kan fulawil ta fi ta fuli gaskiya. Masu zura sukudireba ta ramin fulogi don su ji fistin ya kai ƙololuwa su ma su sani: a kusa da ƙololuwa fistin kusan tsaye yake. A injin mota matsakaici, karanshaf zai juya digiri 5 fistin bai sauka ko rubu'in milimita ba. Hannu ba ya jin wannan. Dalilin da ya sa ke nan wasu injinan Volkswagen, irin 1.4 da 1.6 FSI, ake ɗaura musu agogon awo a ramin fulogi maimakon a dogara da ido.

Sai fil ɗin taimin, wanda shi ne asalin kayan aikin tsayar da wuri, kuma iri biyu ne da ya kamata a bambance.

Iri na farko shi ne wanda ake zurawa ta wani rami a jikin injin ya shige ramin da ke fulawil. Wannan al'adar Peugeot ce, kuma tunda an daɗe ana harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, kanikawanmu sun san shi ko da ba su san sunansa ba. A 206 mai injin TU na 1.1 ko 1.4, sandar ƙarfe mai kaurin milimita 6 ce ke shiga fulawil, mai milimita 10 kuma ta shiga giyar kamshaf ta kama kan silinda. Kyawun wannan iri shi ne yana hana motsi gaba da baya, kuma kauri ne kawai ke da muhimmanci, ba tsawo ba. Don haka gindin bakin dirila mai milimita 6 yana yin aikin tsaf. Kusa ko waya mai kaurin milimita 4 kuwa ba ta yi, domin za ta shiga ramin amma ta bar wasa. Wani abin da ke rikita wanda ya saba da Toyota shi ne, ba kowane injin Peugeot ne ake kullewa fistin na ɗaya yana sama ba. A EP6, mai 1.6 ɗin nan da ke cikin 207 da 308, fil yana shiga ne lokacin da fistin huɗun duka suke tsakiyar hanya, kai ɗaya. Da gangan aka yi haka, don a iya juya kamshaf ba tare da bawul ya taɓa komai ba. Wanda ya nace sai ya kawo na ɗaya sama a wannan injin, zai wuni yana neman ramin da ba ya wurin.

Iri na biyu shi ne wanda ake ɗaurawa da tiredi a gefen bulok, bayan an cire wani ɗan noti da ya toshe ramin, sannan a juya karanshaf a hankali har kafaɗarsa ta zo ta jingina da bakin fil. Haka Renault take yi a injinan K4M da K9K da ke cikin Clio, Mégane, Kangoo da Logan, da fil mai lamba Mot. 1489. Haka Ford da Mazda suke yi a injinan 1.8, 2.0 da 2.3 na Focus, Mondeo, Mazda 3 da Mazda 6, da fil mai lamba 303-507. A nan tsawo shi ne komai. Bambancin milimita ɗaya a tsawon fil na iya zama kusan digiri guda a karanshaf, kuma a akwatunan kayan da ake sayarwa za ka ga filoli uku ko huɗu masu tiredi iri ɗaya, tsawo daban. Ɗauki na wani injin ka ɗaura, zai shiga lafiya, karanshaf zai jingina lafiya, taimin kuma ya fita a karkace. Maƙeran Panteka za su iya yanka maka irinsa, ba shakka, amma sai ka kai musu na asali sun auna. Kwatance da baki ba ya yi.

Abu na biyu game da wannan iri: gefe ɗaya kawai yake tarewa. Karanshaf ya jingina da shi ta hanyar da injin ke juyawa. In ka sa sufana za ka kwance noti, baya kake juyawa, wato karanshaf barin fil ɗin yake yi. Don haka ba shi da amfani wajen kwancewa ko kaɗan, kuma kafin ka ɗaure komai sai ka sake tabbatarwa yana jingine. A tsofaffin injinan Renault na jerin F, inda fil Mot. 1054 ke shiga tsaga a jikin karanshaf, akwai wani tarkon: yana iya faɗawa ramin da aka huda don daidaita nauyi, ka ɗauka ya zauna. Sai ka haɗa da duba alamar kamshaf.

Shin ana ɗaure noti a kan fil? A nan ne gardama take a gareji. Renault ta yarda a ɗaure notin fulin injinan K karanshaf yana jingine da fil ɗinta, domin ƙarfe ne mai kauri da aka gasa don haka. Amma wannan izinin na fil ɗin kirki ne. Na araha mai laushi yana lanƙwashewa a ciki, kuma fil ɗin da ya lanƙwashe a cikin bulok ba ya fitowa ta hanyar da ya shiga. Sai an sauke kaskon mai, wani lokacin har an yanka shi. A Ford da Mazda da na ambata kuwa, ana riƙe fulin ne da nasa kayan daban. Akwai wani ɗan noti M6 da ake zurawa ta cikin fuli ya shiga murfin gaba, don fulin ya zauna daidai, saboda haƙoran da na'urar karanta juyin injin ke ƙirgawa a jikinsa suke. Da yatsa ake ɗaura shi. Wanda ya bar masa nauyin ɗaurin 100 Nm da ƙarin digiri 90, murfin alminiyon zai fasa. Garin gyaran gira an rasa ido.

Waɗannan injinan Ford da Mazda su ne babban misalin marasa ki. Wasu siraran washa masu kaushi ne ke kama giyar idan noti ya matse. A kansu fil ba zaɓi ba ne, dole ne, tare da farantin da ke shiga tsagar bayan kamshaf biyu. Notin kuma sabo ake sawa, domin yawancin notin da aka ce a ƙara masa digiri bayan awo, miƙewa yake yi, ba ya komawa yadda yake.

Volkswagen ta bi wata hanyar a 1.9 TDI na Golf 4 da Passat masu famfo a kan kowace inja: wani ƙarfe mai haƙora ne ake zurawa a kan giyar karanshaf ta gaba, ɗan hancinsa ya shiga rami a murfin da ke bayanta. T10050 na giya mai da'ira ne, T10100 na mai ɗan siffar ƙwai. Sun yi kama ƙwarai, kuma musanya su kuskuren taimin ne kai tsaye. Shi ma na awo ne, ba na ƙarfi ba.

Yanzu ɓangaren ƙwanji.

Mafi aminci a ganina shi ne ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurawa a mazaunin kik, na'urar tayar da injin, bayan an cire shi, haƙoransa su cije na fulawil. Yana riƙewa gaba da baya, ba ruwansa da mota atomatik ce ko manuwal, kuma ƙarfin yana sauka ne a inda aka gina don ɗaukar ƙarfi. A injin marar ki ya fi kowa amfani, domin karanshaf ɗin kansa ya kama, ba fuli ba. Aibinsa biyu ne. Cire kik a wasu motocin aikin awa guda ne a ƙarƙashin manifol. Sannan shi ba ya san inda taimin yake. Duk haƙorin da ya samu zai cije. Saboda haka tsarin shi ne fil ya fara nuna wuri, sannan a ɗaura mai haƙora ba tare da an ture karanshaf daga inda yake ba. Ƙaninsa na talaka, wato babban sukudireba da yaro zai cusa a haƙoran fulawil ya danne, yana yi a notin da bai yi tsanani ba. In ya zame, ko haƙori ya gutsure, ko bakin giyabos ya tsage, ko yatsun yaron su biya.

Mai riƙe fuli shi ne na biyu, kuma a injin mai ki ya fi sauƙi nesa. Honda ta yi wa fulinta rami mai kusurwa shida, faɗin milimita 50, don a zura kayan riƙewa a jingina hannunsa da ƙasa ko da jikin mota. Duk mai karɓar Honda a garejinsa, in bai mallaki wannan ba, wahalar da kansa kawai yake yi. Toyota kuma ramuka masu tiredi ta bari a jikin fuli, kuma dogon falalen ƙarfe da aka huda aka ɗaure da noti biyu yana riƙe 138 Nm na 1ZZ-FE ba gardama. Wannan kam a ƙera shi a gida, babu awon da zai ɓaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne naɗa sarƙa ko tsohon bel a bayan fuli a danne. Zoben waje ka riƙe, ƙarfin kuma ta cikin roba zai bi, ka kashe fulin da hannunka ko da bai nuna a ranar ba.

Saka giya da taka birki kyauta ne, kuma yana yi a manuwal kaɗai. A atomatik babu abin da ya haɗa injin da taya sai mai, don haka ko ka saka a P injin juyawarsa zai yi. A sa giya ta huɗu ko ta biyar, ba ta ɗaya ba, domin ta ɗaya ninka ƙarfinka take yi ta kai wa birki. Matsalarsa ita ce laushi: sifirin ɗin kuloci, wasan giya da na shaf duk sai sun miƙe kafin noti ya ji komai, ka ji sufana tana lilo kamar roba. Wajen kwancewa ana haƙuri da haka. Wajen ƙara digiri 90 kuwa, ba ka san nawa ne ya shiga noti nawa ne ya tafi a lilo ba, sai dai ka yi wa kan notin da fulin alama ka bi ta.

Bugun kik, wato a jingina doguwar sufana da shasi a ɗan taɓa makulli, shi ne abin da aka fi yi a bakin titi, kuma ba zan ce ban taɓa yi ba. Yana da sharuɗɗa. A cire wayar koyil ko fiyus ɗin famfon mai don kada injin ya tashi. Bel ya kasance yana kai, kuma a yi shi tun kafin a daidaita komai. Sannan injin ya zama mai juyawa dama. Tsofaffin Honda masu injin D, B, F da H hagu suke juyawa, don haka a Baby Boy mai silinda huɗu ƙara ɗaure notin za ka yi, ko sufana ta tashi ta nemi ƙafar wani. Accord ɗin da ake ce wa EOD, mai injin K24, dama take juyawa. A injin marar ki kuwa haramun ne ƙwarai: noti yana saki, kamshaf ya tsaya cak da wasu bawul a buɗe, karanshaf kuma ya ci gaba da gudu da ƙarfin kik. Sakan ɗaya ya isa. Bindigar iska ta fi shi hankali wajen kwancewa, tunda bugunta gajere ne, amma ita ma ba a ɗaure notin fuli da ita, kuma ba a harba ta fil yana ciki.

Igiya fa? Ana cire fulogi a zura igiya mai laushi a silinda, a bar jelarta a waje, fistin ya taso ya matse ta. A janareta da babur dabara ce mai kyau. A mota sai an tabbatar bawul biyun a rufe suke, kuma a tuna cewa wajen kwancewa baya ake juyawa, don haka fistin ya ɗan wuce ƙololuwa ne kafin a zura, ba kafin ya kai ba. In aka yi ta a zagayen fitar hayaƙi, igiyar ce da kanta za ta lanƙwasa bawul. Ga noti mai taurin na Honda, duk ƙarfin nan a kan fistin ɗaya da sandarsa yake sauka. Ni a jeji kawai zan yi ta, inda babu wani abin.

To wanne za ka saya? In aikinka Toyota ne da Honda da Golf 3, kamar yawancin garejin Kano da Maraɗi, kuɗinka ya tafi kan mai riƙe fulin Honda, falalen ƙarfe na Toyota, doguwar sufana mai ƙarfi da sufana mai awo. Fil ba zai ƙare ka da komai ba. In Peugeot ke yawan zuwa maka, sandunan ƙarfe masu kauri daidai sun wadatar a TU, amma EP6 sai cikakken akwatinsa, da na fulawil da na kamshaf, domin giyoyinsa ba su da ki. In kuwa Ford, Mazda ko Renault ne, fil na kirki mai lambar injin, farantin kamshaf, da mai haƙoran fulawil, su ukun tare. In ba ka da su, mayar da aikin ya fi maka arha a kan sayen bawul 16 da gasket daga aljihunka. Mai mota kuma yana da damar tambaya kafin ya miƙa makulli: "Maigida, injin nan yana da ki? Da me za ka kulle shi?" Amsar da ya samu za ta gaya masa ko ya bar motar ko ya ƙara gaba.

Kowace hanya ka bi, cire kan batir tun farko, domin fil a cikin fulawil da yaro mai son jin rediyo ba sa zama gareji ɗaya. In an ɗora bel an ɗaure, a zare duk filolin, a ƙirga su a kan benci, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku ta hanyar da yake juyawa, fulogi a cire don a ji in wani abu ya tokare. Sannan a mayar da filolin. In na ƙasa ya shiga, na sama ya ƙi sai an ɗan taɓa shi da guduma, taimin bai zauna ba. A sassauta a sake. Kuma kafin a taɓa makulli, a mayar da ɗan notin da ya toshe ramin fil a gefen bulok, domin ta nan baƙin mai ke bi ya zube.